Tsingaron Zamfara da Akwatin Iskandari

A shekarar 2027 wa'adin wani aro zai cika, kuma ina shakkar ko a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai mutum da yawa da suka san an ma yi aron. Abin da aka ara mutum-mutumi ne guda uku na gasasshen yumɓu, biyu irin na Nok, ɗaya kuma irin wanda dillalan Turai ke kira na Sakkwato. Faransa ta saye su a 1998 daga hannun wani dillali a Beljiyam, a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai faran miliyan 2.5, ta baje su a wani sabon sashe na gidan tarihin Louvre da Shugaba Jacques Chirac ya buɗe a watan Afrilun 2000. Nan da nan ƙura ta tashi. Dokar Najeriya ta hana fitar da irin waɗannan kaya, kuma a shekarar ce majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya, da na Nok da na Sakkwato da na Katsina duk a ciki. A 2002 aka sasanta. Faransa ta amsa cewa kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa.

Sakkwaton da dillalan ke nufi tsohuwar jiha ce, wadda Zamfara ke cikinta har ranar 1 ga Oktoban 1996. Wanda ya ga hoton waɗannan mutum-mutumi ba ya manta su: gira mai nauyi da ta rufo idanu, gemu mai tsini, fuska a murtuke. Gwajin da ake yi wa yumɓun a ɗakunan bincike na Turai yana ba su shekara 2,000 ko fiye, wato lokacin da Girkawa da Rumawa ke sassaƙa duwatsun da duniya ke tururuwar kallo a yau, akwai wani magini a wannan ƙasa tamu yana murza yumɓu yana fitar da fuskar mutum. A shekarar 2000 wani masanin kufai ɗan Ingila, Patrick Darling, ya rubuta yadda aka yi wa Nok da Kwatarkwashi wasoso a shekarun 1990. Kwatarkwashin nan dai tamu, ta ƙaramar hukumar Bungudu. Amma ko yau Faransa ta ɗauko wancan mutum-mutumi ta ce ga kayanku, babu mahaluƙin da zai iya nuna gonar da ya fito, balle ramin. Kusan duk irinsu da ke hannun Turawa ta haramtacciyar hanya aka tono su.

Yadda tonon ke gudana ba ɓoyayye ba ne. Samari ne da diga da shebur, dillali ya ba su kuɗin abinci ya ce kai yake nema, kan mutum-mutumi, domin shi ke da kasuwa. Duk abin da ya tare hanya kafin a kai ga kan, shara ne. Tukunya a fasa ta, gawayi a watsar, dutsen niƙa a mirgina shi gefe, ƙashi a tattake. In an dace, a naɗe kan a tsumma a cusa a buhun hatsi, ya bi ta Kwatano ko Lome ya faɗa Turai. To, wannan gawayin da aka watsar shi ne ke faɗin shekarun wurin idan an auna shi. Tukunyar da aka fasa ita ke faɗin abin da mutanen suka ci. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a ƙasar Nok a 2005, daga ƙonannun ƙwayoyi suka gane mutanen Nok manoman gero da wake ne, daga abin da ya maƙale a jikin tsingaro kuma aka gano suna ɗibar zuma shekara 3,500 da suka wuce. Na Kwatarkwashi fa, me suka noma, wa suka yi ciniki da shi, me ya tashe su? An zubar da amsar a bakin rami, kan kuɗin da ba su kai mai tonon ƙarshen wata ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wani gida ne a Santambul. 'Yan kasuwarmu sun san unguwar Laleli kamar yadda suka san Kantin Kwari, can suke sarin tufafi da takalma. Masu sha'awa a cikinsu kan shiga jirgin ƙasan cikin gari su je fadar Topkapi, su ga kayan da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da takubban sahabbai. Kaɗan ne ke gangarawa ƙasan fadar, ta wajen lambun Gulhane, tasha huɗu kacal daga Laleli, inda gidan adana kayan kufai yake, cike da sassaƙe-sassaƙen Girkawa da Rumawa. Ranar da na nufi can na ja wani Alhaji abokin tafiyata. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Malam, yanzu gumaka za ka kai ni kallo?" Na ce, "Alhaji, mu shiga tukuna, in mun fito sai ka yi mini hukunci."

Abin da ya fi tsayar da mu shi ne akwatin gawa na farin dutse da ake kira akwatin Iskandari. Ba Iskandari aka sa a ciki ba. Masana da yawa na ganin an yi shi ne a ƙarshen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) domin Abdalonimus, wanda Iskandari ya naɗa sarkin Saida bayan ya karya rundunar Farisa a yaƙin Issus na shekarar 333. A gefe ɗaya yaƙi ake. Ga Iskandari a can ƙarshen hagu bisa doki, ya kifa kan zaki a kansa maimakon kwalkwali, dokin ya ɗaga ƙafafun gaba a kan wani Bafarishe da nasa dokin ya durƙushe. Farisawan na sanye da wanduna, sun naɗe kai da haɓa da ƙyalle kamar mai rawani ya ja amawali. Idan ka matsa kusa da gilashin za ka ga sauran launi a jikin dutsen, ja da rawaya da shuɗi, shaidar cewa fenti gare shi sa'ad da yake sabo. Hannuwan mayaƙan a dunƙule suke amma babu komai ciki, domin masu da takubban na ƙarfe ne aka maƙala, ɓarayin kabari suka zare su tun zamanin da. A ɗaya gefen kuma Girkawa da Farisawan da suka gama kashe juna sun haɗu suna farautar zaki. Alhajin da ya ƙi shiga shi ne ya daɗe yana duban jijiyar ƙafar doki, yana cewa wanda ya yi wannan ya san doki.

Ni kuwa tarihin zuwan akwatin ne ya fi kama ni. A 1887 wani mai fili a bayan garin Saida, cikin Labanan ta yau, yana haƙar dutsen gini sai ya ci karo da wani rami mai zurfi da ɗakunan kaburbura a ƙasansa. Bai kira dillali ba, hukuma ya je ya gaya wa. Labari ya kai Santambul, shugaban gidan tarihin daular, Osman Hamdi Bey, ya taso da kansa, ya auna kowane ɗaki, ya rubuta abin da ke ina, ya sa aka haƙa hanya aka jawo akwatunan, aka ɗora su a jirgin ruwa. Saboda su aka gina wannan gida, aka buɗe shi ranar 13 ga Yunin 1891. Kuma ba haka kawai mai filin ya waye gari da wannan hali ba. Turkawa sun sha ɗaci kafin nan. A 1873 Bajamushe Heinrich Schliemann ya tono zinariya a kufan Troy ya fitar da ita a ɓoye. Daga 1878 aka shiga kwashe sassaƙen babban bagaden Bergama zuwa Balin. Osman Hamdi, wanda ya karɓi gidan tarihin a 1881, shi ya tsaya aka yi dokar 1884 da ta ce duk abin da aka tono mallakar daula ne, ba a fita da shi. Dokar ba ta toshe kowace kafa ba, har ma Sarki Abdulhamid na Biyu da kansa ya yi wa sarkin Jamus kyautar bangon fadar Mushatta a 1903. Duk da haka ita ta sa akwatin Iskandari yana Santambul yau, da cikakken bayanin ramin da ya fito da abin da aka samu kusa da shi.

Tambayar Alhaji a bakin ƙofa tambaya ce ta gaske, kuma ita ce tambayar mafi yawan masu karanta wannan fili. Mu Musulmi ne, mun san matsayin gunki, kuma fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya kawowa tarihi ne. Wannan gida an gina shi ne a ƙarƙashin sarkin da duniyar Musulmi ta lokacin ke kira halifa, a jikin katangar fadar kakanninsa. Masar ta shiga hannun Amru ɗan Asi tun zamanin Sayyidina Umar, ga dalar Fir'auna nan tsaye har gobe, kuma gidan kayan Girkawa da Rumawa na Iskandariyya, wanda aka kafa a 1892, an sake buɗe shi a 2023 bayan dogon gyara. Malam Abdullaɗif na Bagadaza, likita kuma masanin hadisi da ya rasu a 1231, ya zauna a Masar ya auna gine-ginen mutanen da, ya rubuta takaicinsa kan masu farfasa su don neman dukiyar da suke zaton an binne. A wajensa waɗannan abubuwa abin lura ne da wa'azi. A nan gida ma, Muhammadu Bello ya buɗe Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashe da al'ummomin da suka riga jihadi, jikan Shehu kuma, Abdulƙadir ɗan Tafa, ya tsara labarin sarakunan Hausa da yaƙe-yaƙensu a Raudatul Afkari. Ba su ga sanin mutanen da suka shuɗe ya rage musu imani ba.

Bayan haka, mafi yawan abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ba shi da fuska ko kaɗan. Ganuwa ce, da rijiyoyi, da ramukan marina, da kashin maƙera inda aka narka tama, da duwatsun wuya, da tsingaro. Wanda ke ƙyamar mutum-mutumi ba shi da hujjar barin ganuwar Kiyawa ta zama wurin ɗibar ƙasar gini.

Ku dubi abin da Allah ya tara a wannan kusurwa, tsakanin gulbin Gagare da na Bunsuru. A ƙasar Zurmi Dutsi take, inda ruwayar Zamfarawa ta ce sarautarsu ta faro daga Dakka, da tudun kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko, waɗanda ake cewa ƙattai ne. Daga zuriyar nan ruwaya ta kawo sarauniya 'Yargoje. Gaba kaɗan, wajen Isa, kufan Birnin Zamfara ne, wanda Sarkin Gobir Babari ya ci wajen 1764, bayan Gobirawa sun shigo a matsayin baƙi an ba su masauki. Alƙalawa, birnin da Babarin ya gina, wadda Bawa Jangwarzo ya yi mulki a cikinta, ta faɗi a watan Oktoban 1808 a hannun rundunar Muhammadu Bello, da Namoda a cikin jagororinta, a nan Yunfa ya kwanta dama. Kiyawa kuma, inda Namoda ya rasu a fagen fama, har yau da sunanta ake kiran sarautar Ƙaura. Bature mai yawon bincike Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824. Wani Baturen, Barth, ya bi ta Zurmi da Dutsi da Badarawa a 1853 a hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, ya ga kasuwar Badarawa cike da auduga. Birane biyu na sarauta, da garuruwa masu ganuwa bila adadin, duk a tafiyar yini ɗaya da mota in hanya na da lafiya. Amma yaron Banga ko Kurya ko Moriki zai gama sakandare ya haddace sunan Mungo Park, bai taɓa riƙe tsingaron Birnin Zamfara a hannunsa ba. Kaza ce ta kwana a kan dami.

An yi rubutu, ba a ce ba a yi ba. Kurt Krieger ya tattara tarihin Zamfara ya buga a Balin a 1959, da Jamusanci, harshen da jikokin waɗanda suka ba shi labarin ba sa ji. Marigayi Dakta Garba Nadama, wanda ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato daga baya, a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Sai dai ruwayar baka tana da iyaka. Tana riƙe sunan sarki da na yaƙi, ta manta yaushe aka fara gina ganuwa, sau nawa aka faɗaɗa ta, daga ina gishiri da tagulla ke zuwa. Wannan sai ƙasa. Maƙwabtanmu Katsinawa sun ga misali a Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani. Baturen mulki Palmer ya fara buɗe tuddan wurin a 1907, sannan a 1992 aka tona uku bisa ƙa'ida. A 2007 aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus, zuwa wani gidan bincike da aka kafa tun asali don kayan Rumawa da Jamusawan da, aka tsabtace su a tsanake, daga baya aka dawo da su. Me ya fito? Awarwaron hauren giwa, kayan ado na zinariya, wuri daga tekun Indiya, da tasoshin tagulla daga ƙasashen Musulmi na gabas, a kaburburan da shekarunsu suka faɗa tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Kaburbura uku sun tabbatar da cewa ƙasar Hausa na cikin kasuwar duniya tun kafin Bature ya san hanyar gaɓar tekunmu. Da masu diga ne suka riga zuwa, da an narkar da zinariyar an sayar da ita a ma'auni.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Mutane na kwana a daji, an hana noma sai an biya, hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi sai da addu'a, abin da ya sami mutanen Banga da aka sace a 2025 bai bushe a zuciyar kowa ba, kai kana maganar fasassun tukwane? Ba na sa tukunya a sikeli ɗaya da ran mutum. Babu kuma mai hankalin da zai tura ɗaliban jami'a su kafa tanti a Dutsi a wannan hali. Abin da nake cewa shi ne lokacin tashin hankali shi ne lokacin da tarihi ke salwanta, saboda haka a lokacin ake tsare shi.

Italiya ta auka wa Girka ranar 28 ga Oktoban 1940. Cikin makonni kaɗan ma'aikatan babban gidan tarihin Atina suka fasa daɓen ɗakunansa, suka haƙa ramuka, suka jera manyan sassaƙe a tsaye a ciki, suka cika da yashi suka sake daɓewa. Kayan zinariya aka kai taskar babban bankin ƙasar, tare da littattafan rajistar da aka rubuta asalin kowane abu. Samarinsu na mutuwa a kan duwatsun Albaniya a daidai lokacin. Da sojan Jamus suka shiga Atina a watan Afrilun 1941, ɗakuna wayam suka tarar. Idan Girka ta yi nisa, ga Tambutu. A 2012, da masu bindiga suka kama garin, Abdulƙadir Haidara da iyalan da suka gaji littattafai suka riƙa zuba su a akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, har Bamako. Waɗanda aka bari a cibiyar Ahmad Baba, an cinna wa wasu dubbai wuta a watan Janairun 2013. Mutanen nan ba su jira zaman lafiya ba, don sun san in ya zo ba zai dawo da abin da ya ƙone ba.

Mu abin da ya fi saurin ƙonewa a wurinmu yana cikin kawunan tsofaffi. Kwanan baya na zauna da wani dattijo daga wani ƙauyen ƙasar Zurmi, wanda gudun hijira ya kawo shi Ƙaura, yana zaune a gidan surukinsa, abin da a da ko da wuƙa a wuya ba zai yi ba. Na ce, "Baba, an ce akwai tsohuwar ganuwa a bayan garinku." Sai ya gyara zama, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Ya zana da'ira, ya yanka ƙofofi, ya faɗi sunan kowace. Ya ɗiga inda marina take, ya ce har yanzu in an yi ruwan farko ƙasar wurin takan yi duhu. Ya nuna gonar da garma ke tono kashin maƙera, da tudun da iyayensu suka hana su nomawa ba tare da sun faɗi dalili ba. Da ya gama ya ce, "Ɗana, yaran da aka haifa a nan ba su san ko ɗaya ba, kuma ban ga ranar komawa ba." Irinsa suna nan a Ƙaura da Shinkafi da Gusau, a zaurukan mutane da kangwayen da ba a gama ginawa ba. Ɗaukar maganarsu ba ya bukatar rakiyar soja. Waya ce mai naɗar murya, da littafi, da ɗalibin da ya iya gaisuwa da zama a ƙasa. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da sashen binciken kufai na Zariya, suna da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su rubuta a kai. Hotunan tauraron ɗan'adam da ke cikin kowace babbar waya suna nuna zoben tsohuwar ganuwa daga sama. A haɗa zanen tsoho da hoton, an sami taswirar kufan arewacin Zamfara ba tare da kowa ya taka daji ba.

Sai masu haƙa. Zamfara ta zama ƙasar ramuka, kuma mun san abin da haƙar zinariya ta jawo mana, tun daga gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Duk inda dubban mutane ke tona ƙasa, ana cin karo da kayan mutanen da, haka ma masu yin bulo da masu haƙa rijiya da masu gyaran hanya. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya, amma tarar da ke cikinta da kuɗin wancan zamani aka yanka ta, kuma mutumin ƙauye bai taɓa jin labarinta ba. Ko ya ji, tsoro za ta ba shi, ya ɓoye abin da ya samu ko ya fasa. Mai filin Saida ya kai rahoto ne don ya san ƙofar da zai buga, ya kuma san ba ɗaure shi za a yi ba. A ƙasarmu wannan ƙofa ta mai unguwa ce da dagaci da hakimi. Idan masarautun Ƙaura da Zurmi da Shinkafi suka sa aka yi shela a kasuwa da masallatan Juma'a cewa wanda ya tono tsohon abu ya bar shi inda yake ya gaya wa dagaci, za a ba shi tukwici a rubuta sunansa, to dillali ya sami abokin takara a karo na farko. Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar da mallakar kayan tagullar Benin fiye da 1,000, domin kowa ya san fadar da aka kwashe su a 1897. Mai neman a dawo masa da kaya sai ya iya cewa daga ina aka ɗauka.

Ba ginin biliyoyi nake roƙo ba. Gidan tarihin Kanta na Argungu tsohuwar fada ce, na Kano Gidan Makama ne, na Katsina kuma ginin tsohuwar kwalejin horon malamai. Ƙaura na da tashar jirgin ƙasa da dogo ya iso tun 1929, wadda ita kanta tarihin gyaɗa da auduga ce, tana kuma da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983. Ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe ya isa a fara. A sa tsingaron Kiyawa da kashin maƙera, da sulke ko lifidin da wani gida ya yarda ya ba da ajiya, da kwafin taswirar hanyar Barth, da muryoyin tsofaffin nan. Kowane abu da takardarsa da Hausa, boko da ajami: gari kaza, gonar wane, zurfin kamu kaza, ranar kaza. A riƙa kawo 'yan firamare aji-aji, a bar su su taɓa abin da ba ya fashewa. Kuɗin kabad uku da littafin rajista da albashin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ko ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku ba, kuma zan ci gaba da tambaya a wannan fili har in ji wadda ta fara.